An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani Kan Kuɗin Magani a Asibitocinmu

Ranar Asabar ɗin da ta wuce, bayan an shafa fatihar wani ɗaurin aure a Getso, wani Alhaji da nake ganin girmansa ya tare ni a gaban jama'a, ya zazzage mini abin da ke cikinsa game da ma'aikatan lafiya na Gwarzo da Kabo. Ya san na daɗe a bakin tagar ba da magani kafin in yi ritaya, shi ya sa ya ga ni ne daidai da saƙon. Ban tanka ba, domin wurin biki ba wurin musu ba ne. Amma da yake a bainar jama'a aka yi maganar, ya dace amsar ma ta fito fili. Alhaji, zarge-zargenka huɗu ne, ga amsarsu ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ka ce gwamnati tana aiko da magani kyauta, ma'aikata suna sayar wa talaka. A kowane asibitin gwamnati magani iri biyu ne. Akwai na kyauta, kamar allurar rigakafin yara, maganin tarin fuka da na cuta mai karya garkuwar jiki, da kuma kason mata masu juna biyu da ƙananan yara wanda Kano ta fara bayarwa tun 2001. Duk wanda ya karɓi ko sisi a kan waɗannan ya ci amana. Sauran kuwa, irin su maganin hawan jini, na ciwon suga da ƙarin ruwa, mafi yawansu na asusun jujjuya magani ne: a sayo, a sayar da 'yar riba kaɗan, a koma a sake sayowa. Ba ma'aikacin sha-ka-tafi ne ya ƙirƙiro wannan tsari ba. Ministocin lafiya na Afirka ne suka amince da shi a Bamako a 1987, da goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, lokacin da tsuke bakin aljihu ya bar asibitoci ba ko ƙwaya. Mu nan mun ɗanɗana irin wannan tsukewa tun daga shirin SAP na 1986. Kason kyauta yana zuwa a ƙididdige, in ya ƙare ya ƙare, sai wanda ya zo a makare ya ɗauka an ɓoye masa ne.

Na biyu, ka ce ana tsawwala farashi don a cika aljihu. Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, ka fi ni sanin abin da ake kira karyewar jari. Mafi yawan magungunan da muke sha daga waje suke zuwa, waɗanda ake yi a gida ma da sinadaran waje ake haɗa su. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, cikin 2024 ta haura 1,500. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin mai, kuɗin ɗauko kaya daga Kano ya tashi. A watan Agustan shekarar kamfanin GSK ya sanar zai tattara nasa ya nasa ya bar Najeriya. To a ce asibiti ya sayar da kwali goma a tsohon farashi, ya je sari ya tarar kuɗin kwali biyar kawai za su saya. In ya sake yin haka sau biyu, me ya rage a kan kanta? Mai tagar ba shi ke yanka farashi ba, shi dai fuskarsa ake gani.

Kada ka ɗauka ban san zafin abin ba. Har gobe ina tuna wata baiwar Allah da ta zo da goyo, jikin yaron kamar garwashi. Na faɗa mata kuɗin, ta kwance bakin zaninta, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, sannan ta ce a hankali, "Malam, a ba ni na kwana biyu, in Allah Ya hore zan dawo." Na san rabin magani ba ya kashe cuta, sai dai ya koya mata taurin kai. Ni da abokin aikina muka cika mata. Irin wannan cikon, ma'aikata da yawa suna yin sa daga albashinsu, ba wanda yake kai labarinsa majalisa.

Na uku, ka ce ana rubuta wa mutum takarda a ce babu, a tura shi kemis ɗin da ma'aikaci yake da hannu a ciki. A nan ba zan rantse a kan kowa ba. Akwai masu yi, kuma wake ɗaya shi ke ɓata gari. Sai dai maganin wannan ba zagin kowa da kowa ba ne. A manna farashi a bango, kowa ya nemi rasit, kwamitin mazaɓa ya riƙa duba littafin shiga da fita duk wata. Sannan a tambayi inda jarin yake zurarewa. Wanda aka kawo cikin dare daga hatsarin hanya ba za a ce sai ya biya ba, ana ba shi bashi, sau da yawa kuma bashin ba ya dawowa. Ga kuma masu zuwa da 'yar takarda daga wani babba. Game da cewa kemis ya fi araha, wani lokacin gaskiya ne, amma araha ba ta ado. Maganin asusu daga hukumar samar da magunguna ta jiha yake fitowa, an san asalinsa. Matsalar jabu da lalacewar magani a zafi ce ta sa a 2024 aka matsa wa dillalan Sabon Gari su koma sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro.

Na huɗu, ka ce a soke kuɗin magani gaba ɗaya. A wannan ina bayanka, amma da tambaya guda: wa zai biya? Maƙwabtanmu na Nijar sun ayyana kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta a 2006. Mata suka yi ta kai yara, abin ya yi kyau, amma da gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu, sai bashi ya taru, kantoci suka bushe. Mu ma mun ga yadda magungunan hukumar asusun rarar mai ta PTF suka cika asibitoci, suka kuma ɗauke bayan an rushe hukumar. Kyautar da ba ta da gindi a kasafin kuɗi alkawari ce kawai.

Ga inda jakin yake. A Abuja, cikin Afrilun 2001, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Gwamnatin Tarayya, mai masaukin taron, ba ta taɓa kaiwa nan ba, yawanci tana yawo ne a wajen kashi 5. Dokar lafiya ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, amma sai a 2018 aka fara sanya shi a kasafi. Ko inda aka ware, rubutawa daban, sakin kuɗi daban. Sakamakon haka, cikin kowace naira 100 da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan, fiye da 70 daga aljihun majinyaci take fita. A farkon 2025 kuma Amurka ta datse tallafin da take bayarwa ta hannun USAID, wanda wani ɓangare na magungunan kyautar ya dogara a kansa.

Saboda haka, Alhaji, tunda Allah Ya ba ka baki ana kuma jin maganarka daga Lakwaya har Garo, ga aikin da ya fi. Jihar Kano tana da hukumar taimakekeniyar lafiya tun 2016, akwai kuma guraben marasa ƙarfi a cikinta, mu bincika su wa aka rubuta a mazaɓunmu, ko sun cancanta. Mu shiga kwamitocin asibiti da kanmu. Idan masu neman kujerar Gwarzo da Kabo ko ta majalisar jiha suka zo da alkawari, mu tambaye su nawa aka ware wa magani, nawa aka saki, yaushe. Wanda aka kama yana sayar da na kyauta, ni zan fara raka ka kai ƙararsa. Amma kada mu gama fushinmu a kan mai miƙo ƙwaya ta taga, mu bar masu riƙe da makullin baitulmali suna barci. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba shugabanninmu ikon cika alkawari.