Waiwaye: Kocin da Ya Bar Gona Mai Yabanya Ya Tafi Sharar Daji

A shekarar 2009 Bill Tierney ya kwashe kayansa daga Jami'ar Princeton, inda ya shafe shekara 22 yana horar da 'yan wasan lakuros, ya nufi Jami'ar Denver da ke jihar Kolorado. Mutane da yawa sun riƙe baki. Ga mutum da kofin ƙasa shida a hannu, ga furfura ta fara sauka, me zai kai shi yammacin Amurka, inda wasan bai yi jijiya ba?

Shi lakuros wasa ne da aka gada daga 'yan asalin Arewacin Amurka, musamman al'ummar Haudenosaunee. Mutum goma ne a kowane ɓangare, kowa riƙe da sanda mai 'yar koma a kai, da ita ake cafe ƙwallon roba, a jefa wa abokin wasa ko a watsa a raga. A jami'o'i, gidajen wasan sanannu ne: Johns Hopkins, Syracuse, Maryland, Virginia, duk a gabashin ƙasar.

Princeton ba ta cikin wannan sahu lokacin da Tierney ya karɓe ta. A kakarsa ta farko, 1988, wasa 2 ya ci, aka doke shi a 13. Ga kuma wani ƙarin nauyi: jami'ar ba ta ɗaukar nauyin karatun ɗalibi don kawai ya iya wasa, kuma sai wanda ƙwaƙwalwarsa ta kai shi ke samun gurbi. Tun da ba zai samu zaratan da abokan hamayya ke kwashewa ba, sai ya koma kan abin da ake iya koyarwa, wato tsaron gida. Ya horar da yaransa su riƙa kawo wa juna ɗauki tun kafin a wuce ɗan uwansu, in kuma ƙwallo ta zo hannu a riƙe ta, ba gaggawa. Wasu sun ce ya rage wa wasan armashi. Ni ban ga laifinsa ba, domin kowa da abin da ke rumbunsa yake tuƙa tuwo.

A 1992 ya doke Syracuse da ci 10 da 9 ya ɗauki kofi. Sai 1994, 1996, 1997, 1998 da 2001. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne huɗu daga cikin shidan nan a ƙarin lokaci aka same su, inda wanda ya fara zura ƙwallo shi ke da kofi. Sau ɗaya a ce sa'a ce. Sau huɗu kuwa, aikin malami ne da ya saba wa ɗalibansa da natsuwa a lokacin da zuciya ke dukan uku-uku. A na 2001 ɗansa Trevor ne ke tsaron raga.

Duk da haka, da a nan ya tsaya, mai gardama zai iya cewa sunan Princeton ne ke janyo masa yara. Tafiyarsa Denver ce ta rufe wannan bakin. Can kusan kowane babban wasan waje sai an hau jirgi, sai an yi lallashi kafin yaro daga gabas ya yarda ya zo. Tierney ya waiwaya ga 'yan Kanada, waɗanda suka taso da lakuros na cikin ɗaki, masu saurin hannu a ƙuntataccen wuri. Mutumin da aka sani da tsaro ya sakar wa mataimakinsa Matt Brown, ɗan Kanada, ragamar kai hari. Ba kowane mai kofi shida ne zai yarda cewa akwai abin da yaro ya fi shi sani ba, kuma a ganina wannan ya fi kofunan wuya.

A 2011 Denver ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2015, a birnin Filadelfiya, ta doke Maryland da ci 10 da 5, kofin ya bar gabashin Amurka a karon farko, Tierney kuma ya zama kocin farko da ya ci shi da jami'o'i biyu a babban rukuni. Ya sauka bayan kakar 2023, ya miƙa ƙungiyar ga Matt Brown ɗin nan.