Wai Wa Ya Zaɓi Ciyaman Ɗin Nan?

Yau kam ba maganar kishiya na zo da ita ba, ba kuma ta girki ko kwalliya ba. Faɗa na zo yi, kuma da mu kanmu zan fara kafin in isa kan masu manyan riguna.

Abin da ya tsokano wannan rubutu, a gidan suna ne nan cikin Yelwa. Muna zaune wajen mu ashirin ana ta hira, sai kukan da aka saba ya tashi: fanfon unguwa ya lalace wata da watanni, asibitin sha-ka-tafi ko farasitamol babu, ajin su Ummi rufin kwano ya yaye tun damina. Kowa na tofa albarkacin bakinta. Sai na ce, “To wai don Allah wa ya san sunan kansilan mazaɓarmu?” Wallahi tsit kake ji kamar ruwa ya ci makaɗi. Can wata ta ce ai ta san gidan surukansa. Wata ta ce, “Yaya, mu ina ruwanmu da kansila, ai wannan harkar maza ce.” Amma da na tambayi kuɗin yadin leshin da ake yayi, mutum biyar suka amsa a tare.

Haba mata! Mun san sunan shugaban Amurka, mun san wadda jarumin fim ya saka da wadda ya aura, amma mutumin da kuɗin rijiyarmu ke bi ta hannunsa ba mu san ko fari ne ko baƙi ba.

Bari in gaya miki abin da ke wuyan ƙaramar hukuma, don kada ki ɗauka surutu nake. A cikin tsarin mulkin 1999 an jera ayyukanta ɗaya bayan ɗaya. Kasuwa da tasha nata ne. Mayanka da maƙabarta da ban-ɗakin jama'a nata ne. Kwashe shara, gyaran lunguna da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, duk nata ne. Tana da hannu a makarantar firamare da ƙananan asibitoci. Kai, har lasisin keke da amalanke da baro da kwale-kwale an rubuta ita ke bayarwa. To ki duba jerin nan da kyau ki gaya mini wanne ne bai shafi mace ba. Wa ke goya yaro zuwa rigakafi? Wa ke tsallake kwata da tulu a ka? Wa ke kasa kifi da albasa a kasuwa mai karɓar haraji ya zo ya tsaya mata a kai da rasit? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ɗakin nan mu ne a cikinsa dare da rana. Shugaban ƙasa yana Abuja, gwamna yana Birnin Kebbi, ba za ki taɓa ganinsu ba sai a allon hoto. Ciyaman kuwa ga sakatariyarsa nan, na Yauri a Yelwa, na Ngaski a Wara, na Shanga a Shanga. Da kuɗin kabu-kabu kin isa.

Kuma kada ki manta ƙuri'ar nan ba a kwance muka same ta ba. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa, matan Arewa suna cikin gida suna jin labari. Hajiya Gambo Sawaba ta sha duka, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, a kan wannan magana. Sai a 1976, shekarar da aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul aka rushe tsarin En'e, sannan aka yarda macen Arewa ta yi zaɓe. Ashe ke nan 'yancinmu da ƙaramar hukuma tagwaye ne, shekara guda aka haife su. Ni ina amarya aka yi zaɓen ciyamomi na Disambar 1990, zamanin Babangida da jam'iyyunsa biyu, SDP da NRC, lokacin ma muna cikin jihar Sakkwato don sai a Agustan 1991 aka yanke Kebbi. Ƙato-bayan-ƙato aka yi. Mu tsaya a layi bayan hoton wanda muke so, a ƙirga mu da baki kowa na ji. Tsarin yana da aibinsa, don maƙwabciya na ganin layin da kika bi, wani auren ma ya girgiza a kan haka. Amma ko ba komai, mun ga ƙirgen da idonmu.

Yanzu fa? Ranar 31 ga Agusta 2024 hukumar zaɓe ta jiha ta shirya zaɓen ƙananan hukumomi a Kebbi. Kujerun ciyaman 21, na kansila 225. Jam'iyyar da ke mulkin jihar, APC, ita ta kwashe duka, ko ɗaya bai kuɓuce ba. Kada wata ta ce ina yi wa wata jam'iyya aiki, don a jihohin da PDP ke mulki haka ake yi, a Kano ma da NNPP ta shirya nata a shekarar haka ta share kujerun tas. Cutar ba ta jam'iyya ɗaya ba ce. Gwamna ke naɗa 'yan hukumar zaɓen jiha, to ina za ki ga mai gida ya faɗi a zaɓen da yaransa suka ƙirga? Ku da kuke da 'ya'ya ku gaya mini: gidan da ke da yara goma, an taɓa yin ranar da duk goman suka ce miyar kuka suke so, babu ko ɗaya mai cewa kuɓewa? To yaya mazaɓu 225, daga Argungu har Zuru har bakin ruwan Wara, za su yi baki ɗaya haka?

Na san abin da za ki ce, don an sha gaya mini. “To Yaya, tunda an riga an rubuta sakamako, me zai fitar da ni cikin rana?” Wannan tambaya tana da nauyi, ban raina ta ba. Amma ki lura, zamanki a gida shi ne ke sauƙaƙa musu rubutun. Rumfar da mata ɗari uku suka tsaya har aka ƙirga, aka faɗi adadi da ƙarfi, wasu suka ɗauka a waya, ta fi wuyar murɗewa a kan rumfar da babu kowa sai malamin zaɓe da akuya. Na biyu kuma, in dai ainihin zaɓen a wajen tsayar da ɗan takara ake yinsa, to can ya kamata mu kasance. Kowace jam'iyya tana da shugabar mata a kowace mazaɓa. Me take yi? A yawancin wurare aikinta rabon atamfa da tara masu guɗa. Ranar da za a zauna sasantawa a fitar da kansila, ba a ko kiranta, ita ma ba ta tambaya.

A nan ne laifinmu yake, kuma ba zan ɓoye nawa ba. Wata shekara an shigo mana gida da dare da leda: sandar sabulu biyu, ƙullin magi, taliya uku, da 'yar naira a ninke. Na karɓa, na yi godiya har da addu'a. Sabulun bai yi mako biyu ba. Bayan wata shida ɗiyar maƙwabciyata ta tashi da naƙuda cikin dare, muka je ƙaramin asibitin da ke kusa muka tarar da kwaɗo a ƙofa, sai a bayan babur aka ƙarasa da ita babban asibiti. Allah Ya sa ta sauka lafiya. Washegari na yi niyyar in je in yi wa mutumin da na zaɓa magana, sai kunya ta riƙe ni. Da wane baki? Ai ya biya ni. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ni kuwa askin shekaru na yi a kan sabulu sanda biyu. Ban ce ki ƙi karɓa in yunwa ta matsa ba, na san halin da gidaje ke ciki. Amma shi mai ledar ba ya shiga bayan labule da ke, daga ke sai Allah sai ɗan yatsanki.

Sai maganar tsaro, wadda ita ce ta fi ci mini rai. Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri da rana tsaka, suka kashe ɗan sanda, suka kwashi ɗalibai da malamai. Wasu daga cikin 'yan matan nan sai a 2023 suka dawo, wasunsu da goyo. Duk uwar da ke ƙasar Yauri ta san yadda barci ya ƙaurace mata a lokacin. Makonni uku kafin wannan, a ƙarshen Mayu, jirgin ruwa maƙare da mutum fiye da 100 ya nutse a kusa da Wara, mafi yawansu masu neman abinci ne, da mata da yara a ciki. Daga jihar Neja jirgin ya taso, kuma manyan jiragen inji a ƙarƙashin hukumar tarayya suke, don haka ban ɗora wa wani ciyaman alhakin ba. Tambayata ita ce, a bakin ruwan da ake karɓar kuɗin shiga kowace ranar kasuwa, me zai hana a samu mai ƙirga fasinja da mai raba rigar ruwa? Tun 1968 da aka gama dam ɗin Kainji aka tashi Gungawa da sauran mutanen tsibirai, rayuwarmu a kan tafkin nan take. Shekara sama da hamsin ba ta isa a koyi ƙirga kai a jirgi ba?

In irin wannan ta faru, wa za ki riƙe? DPO ba mu muka zaɓe shi ba. Tsarin mulki ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a Nijeriya, daga Sufeto Janar a Abuja zuwa kwamishina a Birnin Kebbi zuwa caji ofis ɗin garinku. Yau a kawo shi, gobe a ɗauke shi, wani ma bai gama sanin hanyar ƙauyuka ba. A Amurka ba haka ba ne. A mafi yawan gundumominsu akwai babban jami'in tsaro da suke kira sherif, jama'a ke zaɓensa da ƙuri'a, in bai yi musu ba su kayar da shi a zagaye na gaba. Wani ƙanena ɗan boko kullum cewa yake mu ma a ba mu haka.

Ni kam na ce masa a'a, ba yanzu ba. Ku tambayi kakanninku labarin 'yan doka na zamanin En'e, kafin a haɗe su da 'yan sandan tarayya a mulkin Gowon. 'Yan gari ne, sun san kowa, kuma da wannan sanin aka yi amfani wajen kama 'yan NEPU da bulale su. In zaɓen da ke fitar da 21 cikin 21 shi ne zai fitar mana da mai bindiga da ankwa, to wallahi mun ɗaura wa kura takalmi. A fara gyara ƙirgen tukuna.

Kafin nan, wanda ke hannunmu shi ne ciyaman. Ba ya iya ba ɗan sanda umarni, gaskiya ne, amma shi ke zaman taron tsaro da DPO da hakimai, shi ke iya tallafa wa 'yan banga da fitila da man babur da ɗan alawus, shi ne kuma ya kamata ya fara buga waya sama in an ga baƙin fuska a daji. Ciyaman ɗin da jama'a suka ɗora zai kwana cikinsu don yana tsoron ranar da zai dawo neman ƙuri'a. Wanda aka ɗora daga sama kuwa, fuskarsa can take kallo inda aka ɗoro shi, wani ma iyalinsa ba sa garin.

Kuma yanzu babu uzurin “ba a sako kuɗi ba” kamar da. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan yana faɗawa asusun haɗin gwiwa da jiha, gwamna ya ɗiba ya miƙo abin da ya ga dama. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan kowace ƙaramar hukuma kuɗinta kai tsaye, kuma naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓe ya saɓa wa tsarin mulki. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa har shekara ta zagayo, ba na musu. Amma hukuncin yana nan a rubuce, kuma abin da aka ware wa Yauri da Ngaski da Shanga kowane wata ana wallafa shi, ɗanki mai waya zai iya nemo miki a intanet kafin ruwan shayi ya tafasa. In ciyaman ya ce kuɗin bai iso ba, sai ya faɗa mana a hannun wa ya maƙale.

Mu dai a unguwarmu mun yanke shawara a wajen adashi. Mu goma sha huɗu ne. Mun samo sunan kansila da gidansa, mun sa Malama ta Islamiyya ta rubuta mana takarda da abu uku kacal: fanfon bakin masallaci, ma'aikaciyar da za ta riƙa kwana a ƙaramin asibiti, da rufin ajin su Ummi. Kowace ta nemi izinin mai gidanta, biyu aka hana, sha biyu muka tafi ranar Asabar da hantsi da hijabanmu. Da ya leƙo ya gan mu cike da zaure, sai ya ɗauka rasuwa aka yi. Ya karɓi takardar, ya ce a ba shi wata biyu. Malama ta rubuta kwanan watan a bayan littafin adashi, shi ma muka sa ya sa hannu a ƙasa.