Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Ƙungiyar Ƙwadago Ta NLC, Reshen Kano



Kun yi ƙoƙari da gwamnatin Kano ta amince da mafi ƙarancin albashi na N71,000 a 2024. Sai dai daga Kwanar Dangora zuwa Doguwa, a rediyo kawai yawancin 'yan ƙwadago suka ji labarin, domin dokar mafi ƙarancin albashi ta tsame duk wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Ku zo ku ga yaron gidan mai da ake zaftare masa giɓin ciniki daga albashi, ko mai aikin injin casa da bel ya fizge wa yatsu, aka sallame shi da kuɗin magani da "Allah ya kiyaye gaba". Ko takardar ɗaukar aiki ba su da ita, alhali doka ta ce a bayar cikin wata uku. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuwa, wa ya taɓa karanta musu ita da Hausa?

Kotun Ma'aikata tana birnin Kano, lebura kuma bai da kuɗin lauya. Muna roƙo ku turo wakili ko sau ɗaya a wata, ya zauna a Kwanar Dangora ya karɓi ƙorafi.

Naku,
Wani mazaunin Kiru