Ɓarawon Waya Da Mai Bin Sawunsa

A da, in an yi wa falke sata a hanyar Karaye ko Rogo, masu bin sawu ake kira. Ɓarawon yau kuwa ba ya haura katanga. Tun ƙarancin takardun kuɗi na 2023 ciniki da yawa ya koma ta waya. Sai mazambaci ya nuna wa mai hatsi saƙon ƙarya, wai kuɗi sun shiga, ya ɗora buhuna ya yi gaba.

Ba doka aka rasa ba. An kafa dokar laifuffukan intanet a 2015, aka gyara ta a 2024, dokar shaida ta 2011 kuma ta yarda kotu ta karɓi abin da aka ciro daga kwamfuta. Amma malamai sun fi kowa sanin alƙali ba ya hukunci da zato. Lalle sai an sami wanda ya iya bin kuɗi daga asusu zuwa asusu, ya adana shaidar da ke cikin waya ba ta gurɓata ba, sa'an nan ya bayyana ta gaban alƙali.

Wannan ilmi ne mai zurfi, na bayan digirin farko, wanda ya gama sanin shari'a da sanin na'ura. Jami'ar Bayero tana koyar da nazarin laifuffuka, ga kuma makarantar 'yan sanda ta Wudil. Saboda haka ya kamata attajiran Karaye da Rogo su haɗa hannu su ɗauki nauyin 'ya'yan ƙasar masu hazaƙa da amana, malamai kuma su ƙarfafa musu gwiwa. Wanda ya san kasuwa da mutanenta, shi zai fi saurin gane sawun.