SHARHI: Tsohuwar mota a kan sikeli: Yadda tarihin ƙarfe ke zurarewa daga Kudancin Kaduna

A kasuwannin gwanjo na Amurka ba abin mamaki ba ne a ga Chevrolet Bel Air ƙirar 1957 ko Cadillac Eldorado ƙirar 1959, irin masu rufin da ake naɗewa baya, an gyara su tsaf an sayar a kan kuɗin da ya zarce na sabuwar mota dal. Da a ce irin wannan mota za ta shekara talatin a bayan wani gida a Kafanchan ko Zonkwa, tayoyinta sun nutse a ƙasa, kaji na saka ƙwai a kujerar baya, da wuya ta tsallake sikelin 'yan gwangwan. Za a auna ta, a biya magada gwargwadon nauyin ƙarfenta, a sassare ta a loda a tirela.

Ƙarfen ɗaya ne a can da nan. Abin da ya raba makomar motocin biyu shi ne doka, da takardu, da hannun da ya iya gyara.

Manyan motocin Amurka ba baƙi ba ne a Arewa. A shekarun 1950 da 1960 sarakuna da ministoci da attajirai sun hau irin su Chevrolet da Pontiac, kafin kamfanin haɗa Peugeot ya fara aiki a Kakuri da ke Kaduna a 1975, ya sauya fuskar titunanmu. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: ina waɗannan motoci suka shiga? Kaɗan sun tsira a garejin wasu fadoji. Sauran kuwa babu wani kundi da ya ƙidaya su, balle a san ranar da suka ɓace.

A dubi dokar shigo da kaya tukuna. Jerin haramtattun kaya na Hukumar Kwastam ya hana shigo da motar da ta haura shekara 12 da ƙerawa. Manufar mai kyau ce, domin babu mai son Najeriya ta zama juji ga kwarababbun motocin Turai. Sai dai ƙa'idar shekaru kawai take ƙirgawa. A wurinta, motar da ta gaji da aikin tasi a Beljiyam da motar 1957 da aka kashe shekaru ana gyarawa duk tsofaffi ne. Wasu ƙasashen sun kalli tsufa ta fuska biyu. A Birtaniya, motar da ta kai shekara 40 tana iya shiga rukunin motocin tarihi, a yafe mata harajin hanya. A Amurka, wadda ta kai shekara 25 ana iya shigo da ita ba tare da an ɗora mata ƙa'idojin kiyaye haɗari na sababbin motoci ba. A can akwai shekarun da in mota ta kai sai darajarta ta fara hawa. A nan gangara ce har ƙasa.

Dokar adana kayan tarihi ma ba ta rufe wannan giɓi ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ta fi karkata ga kayan fasahar gida da aka yi kafin 1918, da waɗanda aka yi amfani da su a bukukuwan gargajiya. Wannan ya dace da damuwar wancan lokaci, wato satar gumaka da tagulla zuwa ƙetare. Amma ya bar kayan ƙarni na 20 a rana. Kafanchan kanta misali ce. Garin ya bunƙasa ne bayan layin dogo ya iso a shekarun 1920, ya zama mahaɗar jiragen da ke fitowa daga Fatakwal zuwa Kaduna da Jos. Tasha da taragu da gidajen ma'aikata, duk abin da ya mayar da Kafanchan gari na ƙabilu da harsuna barkatai, ya zo ne bayan 1918. Yanzu da zirga-zirgar jiragen tsohon layi ta ja baya matuƙa, abin da ya rage yana fuskantar tsatsa da masu kwance ƙarfe.

Gwamnatoci sun lura da ɓarnar cinikin gwangwan, amma ta fuskar tsaro. A watan Yulin 2023 Gwamna Babagana Zulum ya haramta sana'ar a Jihar Borno. A Janairun 2025 hukumomin Abuja suka hana 'yan jari-bola yawo a cikin birni, suka rufe kasuwannin panteka na mako biyu. Dukkan matakan biyu kare rayuka da dukiyar gwamnati suka nufa. Jikan da ya sayar da motar kakansa a kilo bai karya dokar kowa ba, kuma ba a ga laifinsa: kuɗin makaranta na jiransa, babu kuma wanda ya taɓa gaya masa cewa akwai mai saye da ya fi ɗan gwangwan tayi.

Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin yadda abu mai daraja kan zauna a wulaƙance. A 1943 aka tono wani kan mutum na yumɓu a wurin haƙar kuza kusa da Jama'a. Wani ma'aikaci ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa don korar tsuntsaye, ya yi kusan shekara a can kafin ya isa hannun Bernard Fagg a Jos, wanda ya gane alaƙarsa da abin da aka fara samu a ƙauyen Nok a 1928. Daga nan sunan Nok ya zagaye duniya. Daga nan kuma, abin takaici, masu fasa-ƙwauri suka riga hukuma sanin farashi, har gumakan suka cika gidajen tarihi da ɗakunan attajiran Turai.

Motocin da kan tsira galibi waɗanda jini ya zuba a cikinsu ne. Baƙar Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana Gidan Tarihi na Ƙasa a Legas, da ramukan harsasai a jikinta. Lincoln Continental ƙirar 1961 mai buɗaɗɗen rufi da aka harbe Shugaba Kennedy a cikinta a 1963 tana gidan tarihi na Henry Ford a Jihar Michigan. Ita wannan ma sai da aka yi mata rufin dindindin da sulke, ta ci gaba da ɗaukar shugabanni har 1977 kafin a ajiye ta. Amma a Amurka, bayan motar shugaba, akwai dubban motocin talakawa da ƙungiyoyin masu sha'awa ke rayawa, da masana'antun da har gobe suke ƙera musu kayan gyara.

Wani zai ce, yankin da ke fama da hare-hare da garkuwa da mutane da lalatattun hanyoyi, ina ruwansa da motar ƙawa? Maganarsa na da ƙarfi. Kuma tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, babu mai hankalin da zai yi zuwa kasuwar Kafanchan kullum da inji mai silinda takwas. Amsar tana wajen masu aikin hannu. A Havana, bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin Amurka sun toshe hanyar samun kayan gyara, kanikawan Kuba sun riƙa ƙera abin da babu, suna dasa injin dizal a jikin tsofaffin Chevrolet. Yau waɗannan motoci masu buɗaɗɗen rufi ne ke yawo da 'yan yawon buɗe ido, suna ciyar da iyalai. Gyaran mota guda irin wannan aiki ne na mai walda da mai buga jiki da mai fenti da mai ɗinkin kujeru da mai waya. Duk akwai su a kasuwar Panteka ta Kaduna da garejojin Kafanchan, kuma wanda ya iya rayar da motar da kamfaninta ya daina yi mata kayan gyara ya wuce a kira shi ɗan koyo.

Abin da ake buƙata bai kai gina sabon gidan tarihi tsada ba: rukunin rajista na musamman ga abin hawan da ya kai wasu shekaru, da izinin shigo da kayan gyaransa, da kundin da masarautun Jama'a da Atyap da Kagoro da sauransu za su rubuta abin da ke garejinsu da na gidajen da suka yarda. Ya kamata kuma kundin ya wuce motocin Amurka, waɗanda ko a da ba su da yawa a nan. Peugeot 404 a-kori-kura da ta yi jigilar citta daga Kachia da Kwoi, da 504 da ta yi aikin tasha tsakanin Kafanchan da Kaduna, su ne suka ɗauki tarihin yawancin mutane. Motocin farko da suka fito daga Kakuri sun cika shekara 50 a 2025. Da ma'aunin Birtaniya ake bi, da sun shiga rukunin tarihi tun 2015.