Kafin Ragon Suna, A Duba Takardar Inshora

Da zarar ciki ya bayyana a gidan ma'aikaci, lissafi ya tashi. Za a tambayi farashin rago, a fara tarin kayan jariri, a ware kuɗin turamen mai jego, har a soma shawarar sunan da za a raɗa. Abin da ba kasafai yake shiga wannan lissafi ba shi ne takardar inshorar lafiyar da wurin aiki ya ba maigida ko uwargida, wadda galibi tana can ƙasan akwati tun ranar da aka cike ta. Alhali ita ce za ta faɗi asibitin da za a nufa idan naƙuda ta zo da gardama, da wanda zai biya, da kuma tsawon jiran da za a yi kafin likita ya sa hannu. Wannan shi ne batun shafinmu na wannan mako.

Ba ƙaramin al'amari ba ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a duniya sanadin ciki da haihuwa 'yan Nijeriya ne. Zubar jini da jijjigar da hawan jini ke haddasawa suna kan gaba cikin dalilan. Tun a 1994 wasu masana biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana jinkiri uku da ke kai mai ciki ga halaka: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Kuɗi yana da hannu a dukkan ukun, a ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majiyyaci yake fitowa kai tsaye. Amfanin inshora shi ne ta rage waɗannan jinkirai. Wadda aka zaɓa da ka kuwa tana iya ƙara na huɗu, wato jiran amincewar kamfani.

Dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayun 2022, ta maye gurbin tsohuwar dokar NHIS ta 1999, ta kuma wajabta inshora a kan ma'aikatu masu ma'aikata biyar zuwa sama. Saboda haka yau ma'aikata da dama suna da zaɓi a gabansu. Ma'aikacin tarayya yana zaɓar asibitin da za a rubuta a katinsa. Na jiha, kamar a Kano da Kaduna, yana ƙarƙashin hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharsa. Na banki ko kamfanin sadarwa akan shimfiɗa masa tsare-tsare hawa-hawa daga kamfanonin da ake kira HMO, masu shiga tsakanin ma'aikata da asibitoci. Ga kuma gidajen da miji da mata duk suna aiki, kowa da katinsa, sai an zauna an tantance wanda za a haihu a kansa.

Ra'ayina a nan guda ne: a auna kowane tsari da daren da abubuwa suka rikice, kada a auna shi da watan da komai ke tafiya daidai. Kusan kowane tsari yana ɗaukar nauyin awon ciki da haihuwar da ta zo da sauƙi, kuma waɗannan ko ba inshora ma'aikaci zai iya kukkutawa ya biya. Abin da ke karya gida shi ne tiyatar gaggawa, da ƙarin jini, da kwanciyar bakwaini a kwalba na makonni. A nan ne tsare-tsaren suke shan bamban, kuma a nan ne ake rubuta sharuɗɗa da ƙananan baƙaƙe.

Bari mu ɗauki misali na ƙaddarawa, don lissafin ya fito fili. A ce tsari na farko ya fi na biyu sauƙi da naira 5,000 a wata, wato naira 60,000 a shekara. Na farkon ya ƙayyade abin da zai biya na tiyatar haihuwa a naira 150,000, na biyun kuma a naira 500,000. Idan aka haihu lafiya, mai tsari na farko ya tsira da 60,000, abin da bai kai kuɗin rago ba. Idan kuwa aka shiga ɗakin tiyata, asibiti ya kawo takardar naira 450,000, to sai ya nemo 300,000 cikin dare, mai tsari na biyu kuwa ba a bin sa ko kwabo. Ribar arahar ƙarama ce kuma sananniya, asararta babba ce kuma tana zuwa ba sallama. Mai jiran haihuwa ba shi ne ya kamata ya yi wannan caca ba.

Sai dai adadin kuɗin da ke kan takarda ba shi ne farkon abin dubawa ba. Asibiti ne farko. Kati ba ya yin tiyata. Ya kamata ma'aurata su karɓi jerin asibitocin da kowane tsari ya amince da su, su fitar da waɗanda ke kusa da gida, sannan su taka da ƙafarsu su yi tambaya. Shin akwai likita da ke kwana a wurin, ko sai an kira shi a waya? Ana yin tiyata da dare? Akwai mai sa barci? Ina suke samun jini? Akwai sashen jarirai mai kwalba da fitilar maganin shawara, da wutar da ba ta yankewa? Idan abin ya fi ƙarfinsu, ina suke turawa, kuma da wace mota? Wanda ke zaune a Rijiyar Zaki ya zaɓi asibiti a Hotoro don sunansa ya yi fice, bai yi lissafin cunkoson hanya ba. Tsarin da ya fi kowanne tsada, idan asibitocinsa suna wancan gefen gari, bai kai matsakaicin da ke da asibiti mai kayan aiki a bayan layi ba.

Abu na biyu shi ne fahimtar yadda kuɗin ke tafiya, domin shi ke bayyana halin da ake gani a wurin karɓar kati. A tsarin hukumar ƙasa, asibitin matakin farko ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mutum da ke rajista da shi, ya zo ko bai zo ba. Wannan kuɗi ya tsaya a naira 750 fiye da shekara goma tun daga 2012, farashin magani kuwa yana ta hawa, kafin a ƙara shi a baya-bayan nan. Ayyukan mataki na biyu, irin su tiyatar haihuwa, su kuma ana biyansu ne ɗaya bayan ɗaya, kuma sai kamfanin HMO ya ba da lambar amincewa. Don haka ingancin kamfani yana bayyana ne a saurin ɗaga wayarsa da ƙarfe biyun dare. A 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin su riƙa ba da wannan lamba cikin awa ɗaya, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Sanin wannan haƙƙi yana da amfani, amma ya fi kyau a tambayi abokan aikin da matansu suka haihu a kan katin, da ma'aikatan asibitin kansu, wane kamfani ne ke amsawa da wuri, wane ne kuma ake bin sa bashi. Asibitin da ba a biya shi ba ba ya murnar ganin katin.

Na uku shi ne lokaci. Yawancin tsare-tsare suna da wa'adin jira tsakanin rajista da fara cin moriya, kuma a tsare-tsaren da mutum ke saya wa kansa, wa'adin da ya shafi haihuwa yakan kai watanni da dama, wani lokaci har shekara. Ma'aikacin da ya sauya wurin aiki matarsa na da ciki wata biyar, ko ya koma wani tsari don ya fi armashi, yana iya tarar da cewa tsohon ya rufe, sabon bai buɗe ba. Haka sauya asibiti a kan kati ba ya tabbata a rana ɗaya. Duk wani gyara a yi shi a watannin farko, a kuma karɓi amsa a rubuce daga ofishin kula da ma'aikata. Maganar baka ba ta da nauyi a gaban mai karɓar kuɗi.

Na huɗu ya shafe mu fiye da kowa. Tsarin ma'aikata na ƙasa an gina shi ne a kan ma'aikaci, da abokin aure ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma kulawar haihuwa ta tsaya a haihuwa huɗu. Gidajenmu da yawa sun wuce wannan awo. Mai mata biyu ya tabbatar da sunan wadda ke kan katin, domin an sha zuwa asibiti da amarya a tarar sunan uwargida ne a kwamfuta. Akwai damar shigar da ƙarin iyali da ƙarin kuɗi, amma sai an nema tun da wuri. Idan kuma matar ma'aikaciya ce, katinta na iya zama mafita, kuma raba 'ya'ya tsakanin katunan biyu ya fi cunkusa su a ɗaya. Shi ma jaririn a tambayi tsawon makonnin da zai ci albarkacin katin uwarsa, da ranar da dole a yi masa tasa rajistar, kada hidimar suna ta shagaltar har wa'adin ya wuce.

Akwai wanda zai ce albashi bai kai wata ba, ina ake maganar tsari mai tsada? Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba kowa ne ke buƙatar hawa mafi tsada ba. Abin da zai raba gardama shi ne tarihin lafiyar matar. Wadda aka taɓa yi wa tiyata, ko mai hawan jini ko ciwon suga, ko mai sikila, ko mai ɗauke da tagwaye, ko wadda ta taɓa zubar da jini bayan haihuwa, ko mai cikin fari da ƙuruciya, haɗarinta ya fi na sauran, kuma ƙarin kuɗin wata a kanta ba almubazzaranci ba ne. Wannan ne ya sa bai dace maigida ya cike takardar shi kaɗai a ofis ba. Kunyar da ke hana mu zancen ciki a fili tana da muhallinta, amma ba a tsakanin miji da mata da likitansu ba. Ita ta san abin da ya faru a haihuwar baya, ita ce kuma za ta yi zuwa awo sau takwas ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016. A tafi da takardun tsare-tsaren wurin awon farko, a nemi likita ko ungozoma su faɗi abin da suke hange.

Ko da an dace da tsari mai kyau, a ajiye wani abu a gefe. A tsarin ƙasa majiyyaci na biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani, kuma akan ce wani maganin babu, sai an saya a waje. A san rukunin jinin mai ciki, a tanadi 'yan uwa biyu da za su iya ba da jini, a rubuta lambar wayar kamfanin a inda kowa a gidan zai gani, a kuma ajiye katin cikin jakar haihuwa.

Su ma ma'aikatu da ƙungiyoyin ƙwadago akwai nasu. Lokacin da ake cinikin tsari da kamfani, wakilan ma'aikata su nemi a bayyana iyakar kuɗin tiyata da na kula da jarirai da harshen da kowa zai gane, har da Hausa, su kuma sa mata a teburin. Rai da ajali na Allah ne, amma tambayar da za a yi a wata na uku da rana tsaka ta fi sauƙi a kan wadda za a yi a wata na tara a bakin ɗakin tiyata. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya abin da aka samu.