LAFIYA UWAR JIKI: Hajijiyar kunne da gishirin da ba a gani

Bahaushe yana da kalmomi har uku na abin da kan sa ƙafa ta kasa ɗaukar mai ita: jiri, juwa da hajijiya. Mu kan yi musu kuɗin goro, amma wurin lokotoro ba abu ɗaya ba ne. Akwai jirin da kan ɗebi mutum in ya miƙe tsaye da gaggawa, ya ga duhu-duhu ya wuce, wanda galibi yunwa, ƙishirwa, ƙarancin jini ko masassara ke kawowa. Akwai kuma hajijiya ta sosai, wadda mutum yana zaune lafiya lau sai ɗaki ya kama juyawa da shi, bango ya koma rufi, rufi ya koma ƙasa, ga tashin zuciya, ga amai, ga zufa. A kan wannan ta biyu za mu tsaya yau, musamman irin wadda tushenta ke cikin kunne, mai tafiya tana dawowa shekara da shekaru, da kuma abin da tukunyar gida za ta iya yi a kanta.

Sunan ciwon ya samo asali ne daga wani lokotoron ƙasar Faransa, Prosper Ménière, wanda ya yi aiki a makarantar kurame ta birnin Paris. A shekara ta 1861 ya tsaya gaban majalisar likitocin ƙasarsa ya ce wannan hajijiya daga kunne take fitowa, alhali a zamanin ana ɗauka jini ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa. Alamominta kuwa sanannu ne. Takan tashi ta ɗauki daga minti 20 zuwa awa 12. Jin mutum ya ragu, yawanci a kunne guda, ya dawo bayan ta lafa, sannan da tafiya ta yi nisa ya daina dawowa duka. Kunnen ya riƙa ƙara ko shuuu kamar iskar hunturu, ya kuma yi nauyi kamar ruwa ya shiga ya ƙi fita. Ta fi kama masu shekara 40 zuwa 60. Mai ita ba ya fita hayyacinsa, yana jin duk abin da ake faɗa a kansa, saboda haka ba farfaɗiya ba ce, ba kuma iska ba ce da za a tafi neman turare.

Can cikin ƙashin kai, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe da bai fi ƙwayar wake girma ba. Gefe guda nasa a naɗe yake kamar katantanwa, shi ne mai aikin ji. Ɗaya gefen, mai ƴan zobba uku, shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa ko mutum a tsaye yake, ko a sunkuye, ko yana waiwaye. Duka cike suke da ruwa. A shekara ta 1938 wasu likitoci a Landan, da wani a Japan, kowa da nasa bincike, suka duba kunnuwan mamatan da suka yi fama da ciwon, suka tarar ƴar jakar ruwan nan ta kumbura, kamar salkar da aka ɗura wa ruwa fiye da kima. In ta kumbura sai ta aika wa ƙwaƙwalwa labarin ƙarya, ta ce ana juyawa alhali ba a motsa ba.

To ina ruwan abinci da wannan? Gishiri ne. Kowa ya san gishiri yana riƙe ruwa a jiki, shi ya sa wanda ya ci kilishi da yawa yake kwana neman randa. A shekara ta 1934 wani lokotoro a jihar Mishigan ta Amurka, mai suna Furstenberg, ya sa masu ciwon cin abinci maras gishiri, ya kuma ba da labarin cewa hajijiyarsu ta ragu. Tun daga ranar har yau, rage gishiri shi ne shawarar farko da akan ba mai wannan ciwo kusan ko'ina a duniya.

Gaskiya ɗaya ce, sai mu faɗe ta. A shekara ta 2018 ƙungiyar Cochrane, mai aikin tace binciken likitanci, ta nemi gwaji na ƙa'ida da aka raba marasa lafiya kashi biyu, waɗansu aka rage musu gishiri waɗansu aka bar su, ba ta samu ko guda da ya cika sharaɗi ba. Watau shawarar ta tsaya ne bisa abin da likitoci suka daɗe suna gani a ɗakin duba marasa lafiya. Duk da haka, a shekara ta 2020 ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta Amurka ta ci gaba da cewa a koya wa masu ciwon gyaran abinci. A ganina sun yi daidai. Magani ne da ba a saye a farmasi, ba ya cin ko dala, kuma in bai kori hajijiya ba ya sauke tansiyo, wadda ita ma ta ishe mu a ƙasar nan. Sai dai duk wanda ya yi muku alkawarin cewa abinci kaza yana warkar da ciwon kwata-kwata, ku riƙe aljihunku.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a yini, watau ƙaramin cokalin shayi guda, shafe, ba tozo. Mai ciwon Ménière akan nemi ya tsaya tsakanin giram 4 da 5. Nan ne akasarin mutane ke ruɗuwa, domin uwargida za ta rantse cewa ɗan tsunkule kawai take sawa a miya, kuma gaskiyarta. Cokalin nan guda ya ƙunshi dukan gishirin da ya shiga baki tun safe har kwanciya, da wanda aka gani da wanda ya ɓuya.

Babban maɓoyinsa shi ne dunƙulen miya, wanda muke kira magi ko da wane kamfani ya yi shi. Kusan rabin nauyin kowane dunƙule gishiri ne. Babban dunƙule mai giram 10 ke nan ya kusa cinye rabon mutum na yini shi kaɗai, ga shi kuwa akan marmasa uku ko huɗu a tukunya guda, a zuba na ruwa na kwalba, sannan a kawo gishiri a ƙara. Aka sauke, sai a miƙo yaji, wanda shi ma da gishiri da dunƙule aka daka shi, a barbaɗa bisa shinkafa da wake. Haka yake ga tsire da balangu, haka ga kilishi, na Madawa ne ko na ina, haka ga sardin da sauran kayan gwangwani. Burodin safe ma, da ba a jin ɗanɗanon gishiri a cikinsa, yana ɗauke da nasa kaso.

Na biyu ita ce kanwa, kuma ita littattafan Turawa ba su cika ambato ba, domin ba ta cikin girkinsu. Abin da ke riƙe ruwa cikin gishiri wani sinadari ne da ake kira sodiyom, kanwa kuwa cike take da shi, ko da yake harshe ba ya jin ta kamar gishiri. Mu kan jefa ta a wake don ya yi saurin nuna, a ɗan wake, a miyar kuɓewa don yauƙi, mu dama kununta, wasu har su jiƙa ta su sha don ciwon ciki. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta kumburi da gazawar zuciyar da ke kama waɗansu mata masu jego da yawan kunun kanwar da ake ba su tare da wankan ruwan zafi. Abin da ya iya cika jijiyoyin mai jego da ruwa ba abin wasa ba ne ga mai ciwon kunne. Wake dai in aka jiƙa shi tun dare zai nuna ba tare da ita ba.

Kada kuma a ce gishirin gargajiya ya fi sauƙi. Beza da kantu na Bilma, mangul na ƙasar Manga, da farin gishirin leda, duka sodiyom ne. In za a sa kaɗan ɗin, gara a sa mai iyod, don kada a guje wa hajijiya a faɗa wa maƙoƙo. A kula da ƙwayoyin maganin ciwon kai da ake jefawa a ruwa suna tafasa: waɗansunsu ƙwaya guda tana da sodiyom daidai da na kusan giram guda na gishiri. A nemi irin na haɗiya.

Miya maras dunƙule ba dole ta yi lami ba. Kakanninmu sun yi girki ƙarni da ƙarni kafin a kawo shi. Ga albasar Galmi da ake fita da ita ƙasashen waje, ga gabu, tafarnuwa, citta, masoro, kimba, kanumfari, tattasai da tonka. Ga daddawar kalwa da ta batso, sai dai a tambayi mai sayarwa, domin wasu suna sa gishiri wurin yin ta. Tsamiya, yakuwa da lemun tsami suna tashin miya har a manta ba a cika gishiri ba. Hura da nono, kunun tsamiya, kwaɗon zogale da ƙuliƙulin gida, ɗanyen kifi maimakon na gwangwani, duk abincin mai wannan ciwo ne. A gidan da ake ci kwano guda, uwargida ta ɗebi rabon maras lafiya kafin ta sa dunƙule. Mafi kyau ma a rage wa gida duka sannu a hankali, yau uku, wani mako biyu, domin harshe yana sabawa cikin ƴan makwanni, kuma ba a ware mutum da kwanonsa kamar baƙo.

Bayan yawa, akwai daidaito, kuma likitoci da dama suna ba shi muhimmanci kamar ragewar kanta. Ruwan kunne ba ya son hawa da sauka. Wanda ya yi kwana shida yana kiyayewa, ran na bakwai ya je biki ya cika ciki da nama da yaji, bai yi wa kansa adalci ba. A ci abinci a kan lokaci, safe, rana da dare, kimanin gishiri ɗaya kowane ci, kada a tsallake kalaci a haɗa shi da na dare. Ruwa kuma a sha shi a rarrabe cikin yini. Waɗansu suna tsoron sha don an ce ruwa ne ya taru a kunne, to ba haka abin yake ba. Wani bincike da aka buga a Japan a shekara ta 2006 ya sa marasa lafiya shan kimanin lita 2 a yini ga mai nauyin kilo 60, aka ga sauƙi ga hajijiyarsu da jinsu, ko da yake mutanen da aka gwada ba su da yawa.

Ƙasarmu kuwa ba Japan ba ce. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, manomi, magini da ɗan kabu-kabu suna zubar da ruwa da gishiri cikin zufa. Irin waɗannan, da wanda lokotoro ya ɗora bisa maganin sa fitsari, da mai zawo ko amai, kada su yanke gishiri gaba ɗaya bisa ra'ayin kansu, domin ƙarancinsa ma yana kawo jiri da kasala. Mai ciwon ƙoda ko zuciya shi ma ya tambaya kafin ya ƙara ruwa. Ga azumin Ramadan, mai ciwon ya ga lokotoronsa tun watan bai kama ba. In an yarje masa, ya jinkirta sahur, ya rarraba ruwa tsakanin magariba da asuba, ya guji buɗa baki da soye-soye masu yaji. In kuwa hajijiyar tana yawan tashi, malamai sun san rangwamen da aka yi wa maras lafiya.

Sauran abubuwan da akan ce a rage su ne goro, shayi mai kauri na ƙananan kofuna, kafe, lemun kwalba baƙi, taba ta sha da ta ci, da giya. Hujjar da ke kansu ba ta fi ta gishiri ƙarfi ba, kuma ba kowa suke tayar wa ciwon ba. Dabara ita ce mutum ya samu ɗan littafi, ya riƙa rubuta ranar da hajijiya ta tashi, tsawonta, abin da ya ci da wanda ya sha, da yadda ya yi barci. Bayan wata biyu ko uku littafin zai nuna masa abokin gabarsa, ya kuma zama abin nunawa ga lokotoro. Dattijon da ya saba da goro biyar a yini ya sauko sannu, don yankewa farat ɗaya tana kawo ciwon kai.

Duk wannan kuwa sai an tabbatar ciwon Ménière ne. Ana tabbatarwa a sashen kunne, wanda takardun likita ke rubutawa ORL, kamar na babbar likitar Yamai ko ta Damagaram, inda ake auna ji da na'ura. Akwai hajijiyar da kan zo ta ƴan daƙiƙu in an juya a shimfiɗa, wadda lokotoro ke gyarawa da jujjuya kai, babu ruwanta da gishiri. Akwai ta ciwon ɓarin kai, akwai wadda allurai irin su jantamisin kan jawo. Idan kuma hajijiya ta zo da karkacewar baki, nauyin harshe, ganin abu biyu-biyu, mutuwar hannu ko ƙafa, ko ciwon kai mai tsanani, wannan ba maganar miya ba ce, a garzaya likita nan take. Wanda gyaran abinci bai ishe shi ba, akwai ƙwayoyi, akwai allurar cikin kunne, akwai aiki. Ɗan sama-jannatin Amurka Alan Shepard wannan ciwo ne ya hana shi tashi shekaru da dama, aka yi masa aiki, ya kuma taka wata a shekara ta 1971.

Ranar da ta tashi, ba ranar ɗura ba ce. A kwantar da mutum a ƙasa ko bisa tabarma, ya tsai da kansa, ya kafa ido ga abu guda. Kada a tilasta masa hura ko jiƙo yana amai, sai ta lafa a ba shi ruwa kurɓi-kurɓi. Matuƙar ciwon bai kwanta ba, ya bar tuƙin mota da babur, hawan rumbu, da tsayuwa bakin rijiya shi kaɗai.